Takwara a Cikin Rezo: Idan Na'ura Biyu Suka Ɗauki Adireshi Ɗaya

A bazarar da ta wuce ni da wasu samari uku muka ɗora akwatunan Wi-Fi guda shida a kan soraye, tun daga gefen Birni har zuwa wani gida da ke bayan duwatsu. Ba intanet muke rabawa ba. So muke ɗalibai su riƙa kwasar littattafai da darussa daga kwamfuta guda ba sai sun sayi mega ba. Kowane akwati da ɗan batirinsa da farantin sola, kuma kowanne aikinsa ya karɓi saƙo daga maƙwabcinsa ya miƙa wa na gaba. Akwati na uku ne kaɗai ke hango ƙetaren dutse, don haka duk abin da zai wuce sai ta kansa.

Wata rana da azahar batirin na ukun ya mutu, rezon ya rabu biyu ba wanda ya lura. Da la'asar na ƙara akwati a ɓangarenmu, na aika tambaya ga adireshi mai ƙarewa da 7, shiru, na ba shi 7. Ashe ɗaya daga cikin samarin shi ma ya ƙara nasa a can ƙetare, ya yi irin tambayar da na yi, ya ji shiru, ya ba shi 7. Washegari da hantsi rana ta cika batir, ɓangarorin suka haɗe. Sai abin ya rikice: ka fara kwasar littafi ya kai rabi ya tsaya, ka aika saƙo ya isa, ka sake aikawa ya ɓace. Da muka gano bakin zaren yaron ya dube ni ya ce, "Malam, wallahi na tambaya, ba wanda ya amsa." Na ce masa, "Na yarda da kai, ƙanena, ni ma na tambaya."

Babu wanda ya yi sakaci a cikinmu, kuma wannan shi ne abin da ya hana ni barin maganar. Matsalar da muka ci karo da ita a kan soro, masana sun shafe shekaru suna fama da ita a wani irin rezo da ya fi namu wuyar sha'ani nesa ba kusa ba.

Wayar salular da ke aljihunka ba ta magana da ta abokinka kai tsaye, ko da kuna zaune kan tabarma ɗaya. Sai ta kai maganar ga eriyar kamfani, eriya ta dawo da ita. Akwai kuwa wani tsari da babu eriyar kamfani, babu uwar na'ura a tsakiya: na'urorin da kansu ke haɗuwa, kowacce mai aikawa ce, mai karɓa ce, kuma ƴar aike ce ga sauran. Kuma duk suna tafiya, wannan a mota, wancan a aljihun mai babur. A taƙaice ana ce masa MANET, ni kuwa nakan ce masa rezon miƙa-miƙa. Asalinsa binciken rediyon sojan Amurka ne da hukumar DARPA ta fara a 1973, kuma ƙungiyar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta kafa masa kwamiti na musamman a 1997. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Tanout zuwa Agadez ya ga yadda rezo ke ɗaukewa na tsawon tafiya, ya san amfanin irin wannan: ayarin motoci, ma'aikatan rigakafi da suka bazu cikin ƙauyuka, masu kai agaji bayan ambaliya ta kayar da eriya.

Kowace na'ura a rezo dole ta sami adireshi, wato lambar IP, don da ita ake sanin inda saƙo zai sauka. A ofis ko a gidan da ke da Wi-Fi abin da sauƙi. Akwai na'ura ɗaya mai riƙe da kundi, kamar mai unguwa da ya san kowane gida, baƙo ya zo ta ba shi lambar da ba kowa a kanta. Wannan tsarin shi ne DHCP. A rezon miƙa-miƙa babu mai unguwa. Ko an naɗa wani, yanzu yana nan, an jima motarsa ta sha kwana bayan tudu. Saboda haka kowace na'ura ita ke raɗa wa kanta suna, kuma inda kowa ke raɗa wa kansa suna ba a rasa takwara.

Mutane kan ɗauka cewa idan lambobin na da yawa, karo zai yi wuya. Lissafi bai yarda ba. Tara mutum 23 a zaure ɗaya, yiwuwar biyu daga cikinsu sun haɗa ranar haihuwa ta wuce rabi, alhali kwanakin shekara 365 ne. Dalili kuwa ba mutum ɗaya ake gwadawa da saura ba, kowa ake gwadawa da kowa. Haka abin yake a nan. Ƙaramin rezo mai adireshi 254, na'ura 20 kacal suka zaɓa da ka, yiwuwar karo ta haura rabi. Akwai rukunin lambobi masu farawa da 169.254 da aka keɓe domin na'ura ta ɗaukar wa kanta idan ba ta sami mai rabawa ba, guda 65,024 ne. Na'ura wajen 300 sun isa su kai yiwuwar karo kusan rabi. Taron hawan salla ɗaya a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ya ninka wannan adadin sau da yawa.

Wani zai ce to me ya hana a yi amfani da lambar da masana'anta ta buga wa kowace na'ura, wadda ake kira MAC? Na farko, tsawonta bit 48 ne (bit shi ne gurbi ɗaya na sifili ko ɗaya), adireshin IPv4 kuwa, wato tsohon tsarin lambar IP, 32, ba ta shiga sai an datse, kuma da an datse an dawo gidan jiya. Na biyu, ba kullum take zama ta mutum ɗaya ba. Ana iya sauya ta da hannu, wasu kaya masu arha kan zo da lamba iri ɗaya, kuma wayoyin zamani da gangan suke ƙirƙiro ta bogi idan za su hau Wi-Fi don kada a bi sawun mai su.

Dabarar da kowa zai fara tunani ita ce cigiya. Ka zaɓi lamba, ka ɗaga murya ka ce wa ke da wannan, ka ɗan jira, in ba a tanka ba ta zama taka. Haka kwamfutoci ke yi a cikin ɗaki ɗaya tun da daɗewa. Ƙa'idar rukunin 169.254 da aka fitar a 2005 ta ce a yi tambayar sau uku. A IPv6 ma, wato sabon tsarin lambar IP, na'ura na aika tambaya ga maƙwabta ta jira daƙiƙa ɗaya kafin ta fara amfani da adireshinta. A ɗaki ɗaya wannan ya wadatar, domin kowa na jin kowa. A rezon miƙa-miƙa muryarka maƙwabcinka kaɗai take kaiwa, takwararka kuwa wataƙila yana can bayan na'ura biyar. Shi ya sa Charles Perkins da abokan aikinsa suka ba da shawara a 2001 cewa a mayar da cigiyar shela: duk wanda ya ji tambayar ya maimaita ta, har ta karaɗe rezon gaba ɗaya, kamar yadda sankira ke bin lungu-lungu. Mai lambar in ya ji sai ya maido da amsa ta hanyar da tambayar ta biyo. A nan ma akwai ɗan ƙulli: da wane suna za a maido wa baƙon amsa, tunda bai da suna tukuna? Sai aka keɓe wasu lambobi na aro, ya riƙe ɗaya na ɗan lokaci har a gama.

Shela na da tsada. Kowace na'ura sai ta yi magana, batir na ƙonewa, iska na cunkushewa. Amma ba tsadar ce babbar illarta ba.

Hausawa na cewa shiru ma magana ce, kuma a tsakanin mutanen da ke ganin juna haka ne. A wannan rezon kuwa shiru fuska uku gare shi, kuma ba ka da hanyar bambance su. Ko dai da gaske babu mai lambar. Ko akwai shi, amma saƙon ya maƙale a hanya bai iso ba tukuna. Ko kuma akwai shi, amma a wannan lokacin babu wata hanya ko ɗaya tsakaninku, kamar yadda batirinmu ya yi mana. Nawa za ka jira? Daƙiƙa uku? Awa ɗaya? Duk wa'adin da ka yanka, rabuwar na iya fin sa tsawo. Nitin Vaidya, wani malamin jami'a a Amurka, ya zayyana wannan ƙarara a 2002: muddin ba a san iyakar jinkirin da saƙo zai iya yi ba, babu wata dabara da za ta ba da tabbacin gano takwara cikin ƙayyadadden lokaci. Ba wai injiniyoyi sun gaza ba ne, a'a, yanayin abin ne haka. A ganina duk wanda zai kafa irin wannan rezon ya kamata ya haɗiye wannan gaskiyar tun kafin ya sayi akwati na farko.

Kuma cigiya sau ɗaya ake yin ta, lokacin shigowa. Ayari biyu da suka taso ɗaya daga Gure ɗaya daga Magarya, kowanne ya raba lambobinsa lafiya lau, ba karo ko ɗaya a cikinsa. Suka haɗu a mashigar Zinder. Babu baƙo a cikinsu, kowa na ganin ya riga ya yi cigiyarsa ya gama, don haka ba wanda zai sake tambaya. Ga takwarori nan birjik, ga shi ba mai nema.

Abin da ke faruwa a ciki bayan haɗuwar ya cancanci a dube shi da kyau, don ni da idona na gan shi a allo. Akwatunanmu na aiki da tsarin neman hanya mai suna OLSR, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 2003. A cikinsa kowace na'ura na gaida maƙwabtanta duk bayan daƙiƙa biyu, sannan wasu zaɓaɓɓu na watsa bayanin wa ke kusa da wa duk bayan daƙiƙa biyar. Da wannan kowa ke zana taswirar rezon a ƙwaƙwalwarsa. To ga mai lamba 7 na yamma yana cewa maƙwabtana su ne wane da wane, ga na gabas yana lissafa wasu daban. Sauran akwatunan ba su san mutum biyu ne ba. A wurinsu mutum ɗaya ne da ya bayyana a wuri biyu, ko kuma yake tsalle daga nan zuwa can. Ina kallon kundin hanyoyin akwati na huɗu, layin 7 na nuna gabas, in sake dubawa ya koma yamma. Rabin littafin ya tafi wurin wannan, rabi wurin wancan. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne su takwarorin ba su san da juna ba sam. Ƙa'idar ta ce idan na'ura ta ga saƙo ɗauke da adireshinta a matsayin mai aikawa, ta yar da shi ba tare da ta ce komai ba, domin ana ɗauka amsa-kuwwar muryarta ce ta dawo. Hujjar na zuwa har ƙofar gida, ana share ta da tsintsiya.

Vaidya bai tsaya ga cewa abu ba zai yiwu ba. Ya sauya tambayar. Tunda ba za a iya hana takwara ba, a tabbatar dai wasiƙar wani ba ta faɗa hannun wani ba. Mu nan wannan ba baƙon abu ba ne. Gida ɗaya za ka tarar da Muhammadu uku, amma ba a taɓa kai wa wannan tuwon wancan, saboda akwai Lawali, akwai Sani, akwai Salisu. Haka ya ce a yi wa na'ura: bayan adireshi, kowacce ta riƙe wata doguwar lamba ta daban a matsayin laƙabi, ko daga MAC ɗinta ko ta zaɓa da ka. Ba a saka laƙabin a kan kowane saƙo, sai a cikin bayanan neman hanya kawai. Duk akwatin da ya riga ya san 7 mai laƙabi kaza, ran da ya ji 7 mai wani laƙabin, nan take ya san mutum biyu ne. Sai ya ƙi gauraya bayanansu, ya sanar da saura. Kyawun wannan dabarar shi ne ba ta dogara da jira ba, kuma tana aiki ko bayan shekara ayarin suka haɗu. Kuɗinta shi ne sai an taɓa tsarin neman hanyar kansa, kuma kowane bayani ya ƙara nauyi, abin da ba ƙarami ba ne a rediyon da ke da ƙarancin fili.

Wadda ta fi kwanta mini a rai ita ce ta Kilian Weniger na jami'ar Karlsruhe a Jamus, da ya gabatar a 2003. Shi cewa ya yi kada a tambayi kowa, kada a ƙara ko harafi ɗaya a kan saƙo. A kasa kunne kawai. Bayanan da na'urori ke musaya dama can suna ɗauke da alamun takwara ga mai lura, kamar yadda makiyayi ke duban sawu a rairayi ya ce raƙuma biyu ne suka wuce nan ba ɗaya ba.

Ga misali. Kowane saƙon neman hanya na da lambar jeri: na aika na 200, na gaba 201, haka dai. Idan na ji saƙo da sunana ɗauke da lamba 950 alhali ni ban wuce 201 ba, wannan ba amsa-kuwwata ba ce, don murya ba ta dawowa da abin da ba a faɗa ba. Akwai wani mai sunana. Ko na tsakiya ma na iya ganewa: saƙo biyu daga suna ɗaya, lambar jeri ɗaya, amma abin da ke ciki ya sha bamban. Wata alamar kuma, wani daga can nesa ya ce ni maƙwabcinsa ne, ni kuwa ban taɓa jin gaisuwarsa ba. To da wa yake gaisawa? Sai dai aikin na son taka-tsantsan. Lambar jeri a OLSR bit 16 ce, in ta kai 65,535 sai ta koma sifili, kuma na'urar da aka kashe aka kunna na iya fara ƙirga daga farko. Wanda bai yi la'akari da waɗannan ba zai riƙa ganin takwara inda babu, ya tilasta wa bayin Allah sauya adireshi a banza. A garin da wuta ke ɗaukewa ta dawo sau da yawa a yini, wannan ba ƙaramin abin lura ba ne. Daga baya Weniger ya haɗa dabarun cikin tsari guda mai suna PACMAN a 2005.

Akwai masu ganin rigakafi ya fi magani, wato a raba lambobin ta yadda ba za su taɓa karo ba. A tsarin MANETconf na 2002, baƙo na samun wanda zai tsaya masa, shi kuma ya nemi amincewar kowa da kowa kafin a ba da lamba. Wani tsarin kamar rabon gona yake: na farko na riƙe da fili duka, baƙo ya zo ya yanka masa rabi, shi ma in wani ya zo ta wurinsa ya yanka masa rabin nasa. Ba karo, amma duk wanda batirinsa ya mutu bai yi sallama ba ya tafi da gonarsa. Kuma dukansu ba su tsira daga haɗuwar ayari biyu da ba su taɓa sanin juna ba. Shi ya sa suke ba kowane rezo tambarinsa, domin maƙwabta biyu da suka ga tambarinsu ya bambanta su san an yi haɗuwa, a zauna a tantance lambobi.

Ban so in wuce ban ambaci mugun nufi ba. Cigiya ta ginu ne kan amana. Na'ura ɗaya tak da za ta riƙa amsa "tawa ce" ga kowace tambaya ta isa ta hana kowa shiga rezon. An fito da maganin wannan a IPv6 a 2005, inda ake ƙera adireshin daga makullin bayyane na mai shi, wanda shi kaɗai ke riƙe da abokinsa na sirri, ta yadda mai da'awa sai ya kawo hujja, amma bai yaɗu sosai ba.

To IPv6 fa, mai bit 128, bai kashe maganar ba? Ya rage ta ƙwarai. Rabin adireshin, bit 64, na'ura ce ke cika shi da kanta. Na'ura 1,000 in suka zaɓa da ka na gaskiya, yiwuwar karo kusan ɗaya ce cikin tiriliyan 37. Da a ce lissafi kaɗai ne da an rufe littafi. Sai dai "na gaskiya" ɗin nan shi ne wurin da ƙafa ke zamewa. Ƙaramin akwati marar agogo, wanda kullum yake farkawa a yanayi iri ɗaya, na iya zaɓar lamba iri ɗaya da ɗan'uwansa da suka fito daga kwali guda. Ga kuma ɗabi'armu ta masu gyara: ka daidaita akwati ɗaya ya yi kyau, sai ka kwafe saitinsa kaf ka zuba wa saura don sauri, har da abin da bai kamata a kwafa ba. Saboda haka ra'ayina shi ne a yi biyun tare: a ɗauki fili mai faɗi don karo ya yi wuya, sannan a bar kunne a buɗe har abada don ran da ya faru. Shela kuwa, in an yi ta, a ɗauke ta a matsayin gaisuwar shigowa, kada a ɗauke ta shaida.

Saura tambaya ɗaya da gano takwara ba ya amsawa: wa zai saki sunan? Sauya adireshi ba wasa ba ne, duk wata hira da na'urar ke tsakiyar yi yankewa take, sai an sake ƙullawa daga farko. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce wanda ke da ƙarancin hulɗa a buɗe shi ya hakura. Wasu kuma na cewa a duba laƙabi, mai ƙaramar lamba ya sauya, don kada su biyun su saki a tare ko su biyun su ƙi. Abin da ake bukata dai shi ne hukuncin da kowannensu zai yanke shi kaɗai ya fito iri ɗaya.

Mu a kan soro da baki muka yanke namu. Akwatina ne ke manne da kwamfutar littattafan, ɗalibai sun riga sun san lambarsa, don haka na yaron ya koma 8. Daga ranar muka raba wa sababbin akwatuna fili: yammacin dutse daga 1 zuwa 99, gabashinsa daga 100 zuwa sama, muka rubuta a takarda muka liƙa cikin murfin kowane akwati. Na ukun kuma muka sauya masa batir mai girma, muka yi masa rumfar kara saboda zafin azahar.